Dashen Koniyar Ido da Garkuwar Jiki: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda likita ya ce za a yi masa dashen koniya, abin da yake fara tambaya shi ne, "Likita, zan gani?" Akwai tambaya ta biyu da ba kowa ke yi ba, alhali amsar ta farkon a kanta ta dogara: jikina zai yarda da naman wani ya zauna a cikinsa? Aikin tiyatar kansa bai fi awa ɗaya zuwa biyu ba. Zaman lafiya tsakanin sabuwar koniyar da garkuwar jiki kuwa aiki ne na shekaru, kuma kaso mafi girma na wannan aiki a hannun mai idon yake. Ga tambayoyin da masu jinya da 'yan uwansu suka fi yi.

Mece ce koniya, kuma ido gaba ɗaya ake canzawa?

A'a, ba a dasa ido ɗungurungum. Koniya ita ce fatar nan mai haske garai-garai da ta rufe baƙin ido ta gaba, kamar gilashin agogon hannu. Faɗinta bai wuce milimita 11 zuwa 12 ba, kaurinta kuma kusan rabin milimita. Ta nan haske ke shiga ido. Idan rauni ko ciwo ya bar mata farin tabo, wato hakiya, sai haske ya rasa hanya ko da cikin idon lafiyarsa ƙalau.

Duk da siririntar ta, hawa-hawa ce. Akwai fatar waje wadda ke sabunta kanta cikin kwanaki. Akwai tsakiya mai kauri, wadda ta ɗauki kusan kashi 90 cikin ɗari na kaurin koniyar. Sai shimfiɗar can ciki, layi ɗaya tak na ƙwayoyin halitta, da likitoci ke kira endotiliyom. A riƙe wannan suna, domin kusan duk labarin ƙin dashe a kansa yake. Aikin waɗannan ƙwayoyi shi ne zuƙe ruwa daga koniya dare da rana don ta zauna tas. Baligi yana da kimanin 2,500 zuwa 3,000 daga cikinsu a kowace murabba'in milimita, kuma wadda ta mutu ta tafi ke nan, jiki ba ya haifar wata a madadinta. Idan suka ragu ƙwarai, koniya ta sha ruwa, ta kumbura, ta yi hazo.

Na ji an ce dashen koniya ya fi dashen ƙoda sauƙin karɓuwa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma tarihi ya nuna. A watan Disamba na 1905, wani likita mai suna Eduard Zirm ya yi dashen koniya na farko da ya yi nasara a garin Olomouc, wanda yanzu yake cikin ƙasar Cek. Mara lafiyar ɗan ƙwadago ne da farar ƙasa ta ƙone wa idanu biyu, koniyar kuma an samo ta daga idon wani yaro ɗan shekara 11 da aka cire saboda rauni. Ido ɗaya ya lalace, ɗayan ya zauna da haske. A lokacin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta irin na yau, babu maganin danne garkuwa, babu madubin tiyata. Dashen ƙoda kuwa sai a 1954 aka yi nasararsa a Boston ta Amurka, shi ma don tagwaye ne masu kama ɗaya, waɗanda jikinsu bai ga juna a matsayin baƙo ba.

Me ya ba koniya wannan gata? Abu na farko, koniya mai lafiya ba ta da jijiyar jini ko ɗaya. Iskar da take buƙata daga sarari take samu ta cikin hawaye, abincinta kuma daga ruwan da ke bayanta a cikin ido. Sojojin garkuwar jiki ta hanyar jini suke tafiya, to inda babu hanya, zuwa yana yi musu wuya. Na biyu, ba ta da magudanan ruwan jiki masu kai rahoto ga kaluluwa. Kaluluwa ita ce barikin da ake sanar da sojoji cewa baƙo ya shigo, a horar da su, a tura su. In rahoto bai isa bariki ba, babu wanda zai fito. Koniya ma tana fitar da wasu sinadarai da ke kama saƙon da ke sa sababbin jijiyoyi tsiro, ta yadda take tsare iyakarta da kanta.

Na uku ya fi ban mamaki. A jikin ƙwayoyin koniya akwai wasu furotin, irin su FasL da PD-L1, waɗanda idan sojan garkuwa ya zo da niyyar faɗa ya taɓa su, sai su ba shi umarnin ya mutu ko ya lafa. Ruwan da ke cikin gaban ido shi ma ɗauke yake da sinadarai masu kwantar da kumburi. Sannan idan baƙon abu ya shiga wannan ruwa, labarinsa yakan bi ta jini ya isa saifa, a can kuma a samar da wasu ƙwayoyi masu sulhu da ke gaya wa sauran jiki a bar wannan baƙo ya zauna.

Hikimar abin a fili take. Kumburi a fatar hannu yana warkewa ya bar tabo, kuma tabon bai hana hannu aiki. Tabo ɗaya a tsakiyar koniya makanta ne. Saboda haka aka halicci ido da garkuwa mai taka-tsantsan, wadda ba ta saurin zare takobi.

Masanin nan na Ingila, Peter Medawar, ya gwada wannan a 1948. Ya dasa fatar wani zomo a cikin gaban idon wani zomon, sai ya ga fatar tana zaune lafiya muddin jijiyoyin jini ba su kutsa cikinta ba. Da sun shiga, sai jiki ya hallaka ta. Wannan sharaɗi na "muddin" shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya.

To idan ido yana da wannan kariya, me ya sa jiki ke ƙin dashen?

Domin kariyar tana iya rushewa. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da alamomin da ke nuna ta gidan ce, kamar yadda tsagar fuska ke nuna asalin mutum a da. Koniyar da aka dasa tana ɗauke da alamomin mai ita na farko. Idan ido ya yi kumburi, ko jijiyoyi suka tsiro har bakin ɗinki, wasu ƙwayoyi masu sintiri sukan tsinci waɗannan baƙin alamomi su kai su kaluluwar wuya. A can ake tayar da fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T, su hayayyafa, su biyo jini su dawo ido. Idan suka afka wa fatar waje, abin da sauƙi, domin dama fatar mai idon ce za ta maye gurbinta. Idan suka afka wa shimfiɗar ciki, wadda ba ta sake tsiro, kowace rana da ta wuce asara ce da ba ta dawowa.

Wannan harin bai cika faruwa a makonni biyun farko ba, domin jiki yana buƙatar lokaci ya gane baƙon. Ya fi yawa a shekarar farko zuwa shekara ɗaya da rabi. Amma an ga wanda ya zo bayan shekara 20. Garkuwar jiki ba ta mantuwa, kuma koniyar ba ta taɓa zama 'yar gida ɗari bisa ɗari.

Wane ne ya fi shiga haɗarin jikinsa ya ƙi?

A nan ya kamata mai karatu a ƙasarmu ya tsaya da kyau, domin alƙaluman nasara da ake gani a intanet yawanci daga ƙasashen Turai da Amurka suke, kuma cututtukan da ke kai su ga dashe sun bambanta da namu. A can, da yawan masu dashe suna fama ne da koniyar da ta yi tsini ta sirance, ciwon da ake kira keratokonus, ko kuma shimfiɗar ciki da ta gaji saboda gado ko tsufa. Irin waɗannan idanu a kwance suke, babu kumburi, babu jijiyoyi. A cikinsu, dashe tara cikin goma yana nan da haske bayan shekara, kuma ga masu keratokonus yawanci har bayan shekara biyar da fiye.

Mu kuwa hakiyarmu daga ina take zuwa? Daga ƙyanda da ta haɗu da ƙarancin sinadarin bitamin A a yarinta. Daga amodari, wanda ke juya gashin ido ciki ya yi ta gogar koniya shekara da shekaru. Daga karan dawa ko ƙaiƙayin gero da ya soki ido lokacin girbi, gyambo ya biyo baya. Daga siminti, ruwan batir, ko sodar sabulu da ta fantsama. Daga abubuwan da ake zubawa a ido da sunan magani, ruwan ganye, fitsari, gari iri-iri. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa tabon koniya ne sanadin kusan kashi 8 cikin ɗari na makantar masu shekara 40 zuwa sama. Da yawan irin waɗannan tabo suna zuwa da jijiyoyin jini da suka riga suka ratsa koniyar. Wato hanyar da Medawar ya ce in ta buɗe baƙo ba ya tsira, a buɗe take tun kafin a kawo baƙon.

Likitoci sukan raba koniya gida huɗu a ido. Idan jijiyoyi masu zurfi sun shiga gida biyu ko fiye, wannan dashe ne mai babban haɗari, kuma a irin wannan ido fiye da rabin dashen na iya lalacewa cikin 'yan shekaru in ba a yi da gaske ba. Sauran abubuwan da ke ƙara haɗari su ne dashen baya da jiki ya taɓa ƙi, ƙuruciya (garkuwar yara ta fi zafi, kuma yaro ba ya iya faɗin abin da yake ji), hawan jinin ido, yin aiki a idon da kumburinsa bai kwanta ba, dashe mai faɗi da ya kusanci farin ido inda jijiyoyi suke, da ciwon ƙwayar cutar hapis mai zuwa ta koma. Haka nan yaran nan masu matsanancin ƙaiƙayin ido, waɗanda farin idonsu ke rinewa ya yi ruwan ƙasa. Yawan murzar ido na iya taimakawa wajen kawo musu keratokonus, sannan in an yi dashe, idon da ya saba da kumburi ya fi saurin tayar da faɗa.

Ban faɗi wannan don in karya wa kowa gwiwa ba. Na faɗa ne don idan likita ya ce a jira wata shida ko shekara ido ya huce kafin a yi aiki, ko ya ce wannan idon dashe ba zai amfane shi ba, a san ba rowa yake yi ba. Koniya tana da wuyar samu, kuma wadda aka dasa a idon da bai shirya ba an yi asararta, an kuma ƙara wa dashe na gaba wahala.

Sai an gwada jinina da na mai bayarwa sun dace?

A yawancin dashen koniya ba a yi. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 1992, bai ga wata fa'ida a fili ba daga daidaita alamomin nan na jikin ƙwayoyin halitta da ake kira HLA, waɗanda ake matuƙar kula da su a dashen ƙoda, ko da a idanu masu haɗari. Wasu cibiyoyi a Turai suna daidaitawa ga masu babban haɗari. Gwajin da ba a tsallakewa shi ne na lafiyar mamacin: ana duba jininsa don cutar ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C, ana kuma ƙirga ƙwayoyin shimfiɗar ciki kafin a yarda da koniyar. Launin fata ko ƙabilar mai bayarwa ba su da wani tasiri a launin idon wanda aka dasa wa, domin koniya ba ta da launi.

Yaya zan gane jikina ya fara ƙin dashen?

Alamomi huɗu ne, kuma ya kamata duk gidan su haddace su tare da mai idon: ido ya yi ja, haske ya riƙa damunka, gani ya ragu ko ya yi hazo, ido ya yi ciwo. Ba sai sun taru ba. Ɗaya ta isa. Sau da yawa ma babu zafi ko kaɗan, sai dai mutum ya tashi da safe ya ga kamar hazon hunturu ya shiga ɗaki, zuwa hantsi ya ɗan washe. Wannan hazon safiya alama ce ta shimfiɗar ciki ta fara gazawa, domin ido a rufe cikin dare ya fi tara ruwa.

Dabara mai sauƙi: zaɓi abu ɗaya a gida, kalanda a bango ko rubutun jikin wani kwali. Kowace safiya rufe lafiyayyen idon da tafin hannu, ka dubi abin daga wuri ɗaya. Ranar da ka ga ya fi jiya dishi-dishi, ranar za ka je asibiti.

Ranar, ba jibi ba. Abin da ya fi cin rai a wannan fanni shi ne mutumin da ya sayar da dabba ko gona aka yi masa aiki, ya ga fuskar jikokinsa, sannan ido ya yi ja a tsakiyar damina, ya ce apolo ce, bari a gama noma. Bayan mako uku ɗansa ya riƙo hannunsa zuwa asibiti, koniyar ta yi fari fat kamar an shafa mata alli. Da a kwana biyun farko ya zo, da kwalbar magani ɗaya na iya ceton ta. Ga wanda aka yi wa dashe, babu jan idon da za a kira ƙarami sai likita ya duba ya ce haka ne.

In na je, me likita zai gani, kuma me zai yi?

Zai zaunar da kai gaban na'urar nan da ake ɗora haɓa a kai, ya haska siririn haske cikin idon. Abin da yake nema shi ne 'yan ɗige-ɗige farare manne a bayan koniyar, waɗanda tarin fararen ƙwayoyin jini ne. Wani lokaci sukan jeru su yi layi, suna tafiya daga gefen da jijiya ta shigo zuwa tsakiya. Gaban layin koniya tas take, bayansa kuma ta kumbura ta yi hazo, kamar yadda wutar daji ke barin baƙi a bayanta. Ana kiran sa layin Khodadoust, da sunan likitan ido ɗan ƙasar Iran, Ali Asghar Khodadoust, wanda ya bayyana shi a ƙarshen shekarun 1960. Duk likitan da ya ga wannan layi ya san babu lokacin ɓatawa.

Maganin farko shi ne ɗigon sitiroyid mai ƙarfi, wato maganin kwantar da kumburi, irin su firednisolon ko deksametason, kowace awa ɗaya, wani lokaci har cikin dare a kwanakin farko. Idan harin ya yi tsanani, a ƙara da allura a gefen ido, ko ƙwayoyi, ko a ba da sitiroyid ta jijiya. In an kama abin da wuri, mafi yawan hare-haren suna lafawa koniya ta washe. Sai dai kowane hari yana tafiya da wasu ƙwayoyin shimfiɗar ciki, shi ya sa hana shi zuwa ya fi kashe shi.

Har yaushe zan riƙa ɗiga magani?

Ya danganta da idon. Yawanci ana farawa da sau huɗu ko fiye a rana, a riƙa ragewa a hankali cikin watanni. Mutane da yawa suna kai shekara, wasu kuma likita zai bar su a kan ɗigo ɗaya a rana har iyakar rayuwa, musamman masu haɗari. Ga waɗanda idonsu ya cika da jijiyoyi ko aka sake musu dashe, akan ƙara da magungunan danne garkuwa irin na masu dashen ƙoda, kamar takrolimus, saiklosforin ko maikofenolet, su kuma suna buƙatar gwajin jini a kai a kai don lafiyar ƙoda da hanta. Wanda hapis ta jawo masa tabo akan haɗa masa da ƙwayar asaiklobir na dogon lokaci, domin sitiroyid na iya tayar da cutar.

Ɗaya daga cikin manyan dalilan dawowar hari shi ne daina magani. Ido ya yi kyau, kwalba ta ƙare, garin da ake sayarwa da nisa, sai a ce ai an warke. Kafin a yarda a yi aikin, a zauna a yi lissafin kuɗin magani da na mota zuwa asibiti na shekara biyu, a haɗa da kuɗin tiyatar. Kuma kada a bari kwalba ta ƙare kafin a sayi wata.

Sitiroyid ɗin ba shi da illa? Zan iya saya a kemis in ci gaba da kaina?

Yana da illa, kuma saboda ita ne ba a shan sa ko ɗiga shi ba tare da mai duba ido ba. Yana iya tayar da hawan jinin ido a ɓoye, babu zafi, har jijiyar gani ta lalace. Yana kawo yanar ido. Yana rage wa ido ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta, ta yadda ƙaramin gyambo, musamman na fangas, zai iya cinye koniya cikin kwanaki. Jan ido bayan dashe na iya zama ƙin dashe, wanda ke son ƙarin sitiroyid, yana kuma iya zama gyambo, wanda ƙarin sitiroyid zai rura. Mai kemis ba shi da na'urar da zai bambance su. Duk zuwa asibiti a tabbata an auna ƙarfin ruwan ido.

Ina azumi. Ɗigon zai karya mini?

Malamai sun yi saɓani. Da yawa daga malaman wannan zamani suna ganin ɗigon ido ba ya karya azumi. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu ke bi, ana lura da ko ɗanɗanonsa ya isa maƙogwaro. Akwai dabarar da likitoci dama suke koyarwa don wani dalilin: bayan ka ɗiga, rufe ido ka danne kusurwarsa ta wajen hanci da yatsa na minti ɗaya zuwa biyu. Wannan yana toshe 'yar hanyar da hawaye ke bi zuwa hanci da maƙogwaro, maganin kuma ya fi zama a ido. Mai ɗigo ɗaya ko biyu a rana zai iya mayar da su sahur da bayan shan ruwa. Wanda ke cikin hari, ana ɗiga masa kowace awa, mara lafiya ne, kuma addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Ya tambayi malaminsa, amma kada ya tsallake ɗigo.

Na ji akwai sababbin hanyoyin dashe da jiki bai cika ƙi ba.

Akwai, kuma tunanin da ke bayansu mai sauƙi ne: a canza hawan da ya lalace kawai, a bar sauran. Idan tabon a gaba yake kuma shimfiɗar ciki lafiyarta lau, sai a yi aikin da ake kira DALK, a cire gaba da tsakiya a bar wa mutum shimfiɗarsa ta asali. Tunda tasa ce, jiki ba zai taɓa kai mata hari ba, kuma mafi munin nau'in ƙin dashe ya fita daga lissafi. Idan kuma shimfiɗar ciki ce ta gaza, sai a dasa ita kaɗai ta wata 'yar ƙofa a gefe, a hura kumfar iska ta manna ta. Mafi siririn wannan aiki, DMEK, likitan Holan Gerrit Melles ne ya fara shi a 2006. Wani bincike daga Amurka da aka buga a 2012 ya nuna yiwuwar hari cikin shekara biyu ya kai kashi 1 cikin ɗari a DMEK, kashi 12 a DSEK, wato irin wannan aikin amma mai ɗan kauri, kashi 18 a dashen koniya gaba ɗaya.

Sai dai DMEK ba ya cire hakiya. Tabon da ya ratsa koniya daga gaba har baya, irin na gyambon da ya huda ido, har yanzu sai cikakken dashe, da ɗinkinsa na zaren nailon da ya fi gashin kai siranta.

Zaren ɗinkin yana da alaƙa da garkuwar jiki?

Ƙwarai kuwa. Zaren yakan zauna shekara ɗaya ko fiye. Idan ɗaya ya saki ko ya tsinke, yana tara kwantsa da ƙwayoyin cuta, yana sosa ido, kuma jijiyar jini takan biyo shi har cikin dashen. In ka ji kamar tsakuwa ko yashi a ido, je a duba, cire zaren da ya saki aikin minti biyu ne. Kada a murza ido. A sa tabarau saboda ƙura da iskar babur. A dakata da kwalli sai likita ya yarda. Kuma bakin dashen ba ya komawa ƙarfinsa na asali har abada, don haka bugu ɗaya na iya buɗe shi ko bayan shekaru.

Allurar rigakafi fa?

An samu rahotannin ɗaiɗaikun mutane da hari ya same su bayan rigakafin mura ko na korona. Abin ba shi da yawa, kuma likitocin ido ba su hana rigakafi. Ka sanar da likitanka kafin ka yi, wataƙila ya ƙara maka ɗigo na ɗan lokaci, ka kuma sa ido kan alamomin nan huɗu.

Idan dashen ya lalace, za a iya sake wani?

Ana iyawa. Da farko a sani ba kowace lalacewa ce laifin garkuwa ba. Wata koniyar tun farko ba ta washe ba, wata ƙwayoyinta ne suka ƙare a hankali da shekaru, wata gyambo ko hawan jinin ido ya kashe ta. Amma idan garkuwa ce ta ƙi na farko, na biyu ya fi shi haɗari, na uku ya fi na biyu, domin sojojin sun riga sun san hanya kuma jijiyoyi sun ƙaru. Ga wanda dashe ya yi ta lalacewa akwai koniyar roba, wadda aka fi sani da ta Boston, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1992. Garkuwa ba ta iya sa robar ta yi hazo, amma tana buƙatar ɗigon kashe ƙwayoyin cuta kullum har abada da kulawa ta kusa. Idon da soda ko siminti ya ƙone har ya kashe ƙwayoyin da ke sabunta fatar koniya a gefen baƙin ido, shi sai an fara gyara wannan gefen, in ba haka ba duk abin da aka dasa ba zai rufu ba.

Daga ina ake samun koniyar, kuma addini ya yarda?

Daga mamacin da ya yi wasiyya ko iyalinsa suka yarda. Ana cire ta cikin awoyi bayan rasuwa, aikin ba ya ɓata fuska kuma ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo. A cikin ruwan adana ta a firiji takan kai kusan mako biyu. Ma'ajiyar ido ta farko an buɗe ta a birnin New York a 1944. Siri Lanka, ƙaramar ƙasa, ta shahara da kyautar koniya har tana aika wa ƙasashe sama da 50. Habasha ta buɗe tata ma'ajiyar a Adis Ababa a 2003. Duk da haka ƙarancin ya yi yawa: wani bincike na duniya da aka buga a 2016 ya ƙiyasta mutum miliyan 12.7 ne ke jira, kuma koniya ɗaya ce ake samu ga kowane 70 da ake buƙata. Yawancin asibitocin yankinmu da ke wannan aiki daga waje suke shigo da ita, wannan ne ke sa tsada da dogon jira.

Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar sashen jikin mamaci don ceton rai ko wani muhimmin aikin jikin mai rai, da sharaɗin mamacin ya yi izini kafin rasuwarsa ko magadansa sun yarda, kuma ba sayarwa aka yi ba. Wanda ke da niyyar bayarwa ya gaya wa iyalinsa tun yana da rai, domin a al'adarmu ana gaggauta jana'iza, kuma awoyin da za a iya cire koniyar su ne awoyin da iyali ke cikin ruɗani. In ba su ji daga bakinsa ba, ba wanda zai iya tayar da maganar a ranar.